Kafin mu ce yarinya ta lalace, mu tambayi yadda take ganin kanta

Kwanakin baya na je suna a wata unguwa a nan cikin Maraɗi. Muna zaune a tsakar gida ana jiran a sauke tukunya, sai hira ta gangaro kan wata yarinya ƴar shekara 15 da aka gano tana da ciki, aka cire ta daga lakwal aka kai ta ƙauye wurin kakarta. Kowace mace ta faɗi albarkacin bakinta. Wata ta ce salula ce ta ɓata ta, wata ta ce laifin uwar ne da ba ta aurar da ita tun bara ba, wata dattijuwa kuma ta dubi uwargidan ta ce, "Ai Hajiya, wannan tun tana ƙarama idonta a tsaye yake."

A tsakiyar surutun wata maƙwabciyarsu ta ambata cewa yarinyar ta daɗe ba ta cin abinci cikin ƴan uwanta, ta daina zuwa islamiyya, kuma a gidansu ba a kiranta da sunan yanka sai da wani laƙabi da ke yi wa baƙin fatarta ba'a. Babu wadda ta tsaya a kan wannan magana, alhali a ganina ita ce mafi nauyi cikin duk abin da aka faɗa a ranar.

Ra'ayina shi ne, yawancin yaran da ke faɗawa harkar jima'i tun ba su mallaki hankalin kansu ba, matsalarsu ta fara ne a zuciya da daɗewa kafin ta kai ga jiki. Yaron da ya tashi yana jin shi ba komai ba ne, ko yarinyar da ta yarda cewa ita mummuna ce kuma nauyi ce a gidan ubanta, su ne suka fi saurin miƙa wuya ga duk wanda ya fara nuna musu suna da daraja, ko da ƙarya yake yi. Mu kuwa mun taƙaita zancen a kan "lalacewar tarbiyya", maganinmu kuma bai wuce bulala, kulle, ko auren gaggawa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma mun fi son zagin ƙadangaren da duba bangon.

Abin da ke faruwa a shekarun balaga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗaya cikin 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba suna cikin waɗanda suka fi yawa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Wato daidai lokacin da jiki ke sauyawa, murya ke buɗewa, jinin al'ada ke zuwa, shi ne kuma lokacin da zuciya ta fi rauni. Likitoci sun tabbatar da cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo bayan aiki yana taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, alhali sashen da ke son yabo da karɓuwa a wurin tsara ya riga ya farka tun farkon balaga.

A shekarar 2002 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, inda aka bi diddigin yaran da ke farkon balaga na kusan shekara biyu. An gano cewa ƴan matan da ke ganin kimar kansu sun ninka masu raina kansu sau 3 wajen yiwuwar kai wa ƙarshen binciken ba su san namiji ba. Wani binciken na 2005, shi ma a Amurka, ya nuna ɗaya ɓangaren: yaran da suka shiga jima'i da shaye-shaye, musamman mata, sun fi faɗawa ciwon damuwa daga baya. Idan aka haɗa biyun, za a ga raina kai yana buɗe ƙofa, abin da ya faru kuma yana ƙara nutsar da yarinya cikin ƙunci, ƙuncin ya sake mayar da ita hannun wanda ya jefa ta ciki, domin tana ganin yanzu babu mai karɓarta sai shi.

Amurka ba Maraɗi ba ce, addininmu da al'adarmu daban suke. Amma duk malamar da ta koyar a CEG, wato ƙaramar sakandare, da duk ungozomar da ta yi aikin awon ciki, ta ga wannan zagayen da idonta ba tare da ta karanta shi a mujalla ba.

Inda muke rage wa yaro daraja

A cikin gida ake farawa. Muna da al'adar laƙaba wa yaro suna daga abin da ya fi jin kunyarsa a jikinsa: baƙi, gajarta, rama, haƙoran gaba, in'ina. Babba yana faɗa yana dariya, yaron yana ji yana haɗiyewa har ya girma da shi. Muna kuma da gwada ƴaƴa da juna a gaban baƙi, a ce wannan ita ce mai kyan gidan, waccan kuwa sai dai aiki. Sannan ga alkunya, wadda asalinta abu ne mai kyau, amma ta kai wasu iyaye ga ba sa iya kiran sunan ɗan fari, balle su ce masa ya yi ƙoƙari. Akwai ƴan mata da yawa a garin nan da ba su taɓa jin wani namiji ya yabe su ba, har ubansu, sai ranar da wani baƙo ya tsayar da babur a gabansu.

Duk wanda ya saba bi ta bakin tasha ko gefen babbar kasuwa bayan magariba ya san ƴar tallar da nake nufi. Tana tsaye da tiren awara ko dafaffen ƙwai a ka, kasuwa ta fara watsewa, rabin kayan na nan, kuma kalmar ƙarshe da ta ji kafin ta fito ita ce, "Kada ki kuskura ki dawo mini da kwantai." Sai wani magidanci sa'an ubanta ya kira ta, ya tambayi kuɗin tiren gaba ɗaya, ya miƙa mata jika biyu ya ce ta riƙe canji, ya ƙara da cewa, "Ke kam kin fi ƙarfin talla." A wannan daren ya raba ta da dukan uwarta, ya kuma gaya mata abin da ba ta taɓa ji ba, cewa ta fi ƙarfin wani abu a duniya. Gobe da kanta za ta bi ta wurin. Wanda ya kira wannan kwaɗayi bai fahimci abin da aka saya a wurin yarinyar ba, domin kuɗin uwarta za ta kai wa, abin da ya rage a hannunta maganar ce.

Yanzu kuma waya ta shigo ta ƙara wa abin nauyi. Yarinya tana buɗe TikTok tana ganin fuskokin da manhaja ta wanke ta haskaka, tana gwada su da tata a madubi. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, a cikinsu har da bincikensu da ya nuna kusan ɗaya cikin 3 na ƴan mata matasa sun ce idan ba sa jin daɗin surar jikinsu, Instagram na ƙara musu wannan jin. Sakamakonsa a wurinmu a fili yake: man bilicin da ke sirantar da fata har jijiya ta bayyana, da ƙwayoyin ƙiba da ake saye a hannun masu yawo da magani a kwali. Yarinyar da ta yarda ta cutar da fatarta don a ce ta yi kyau ta riga ta sanar da mu farashin da ta sa wa kanta, kuma akwai masu kallo da suka iya karanta wannan sanarwar fiye da iyayenta.

Don haka ban ce salula ba ta da laifi ba. Abin da na ce shi ne, yara biyu za su riƙe waya iri ɗaya, saƙo iri ɗaya ya shigo musu daga mutum ɗaya, ɗaya ta toshe lambar ta gaya wa yayarta, ɗayar kuma ta kwana tana maimaita karanta shi. Bambancin yana cikin abin da kowace ta saba ji game da kanta.

Samarin fada

Kusan duk lokacin da aka tayar da wannan zance, mace kaɗai ake nufi, kamar ita kaɗai ta yi wa kanta ciki. Binciken 2002 da na ambata ya gano wani abu game da maza da ya kamata ya tsayar da mu: su samarin da ke ji da kansu ne suka fi saurin farawa, fiye da ninki biyu. Ni a fahimtata wannan bai rushe maganata ba, ya dai nuna cewa abin da al'umma ta ɗora wa namiji a matsayin abin alfahari shi yake bi.

Ku saurari hirar fada da dare, inda samari ke zagaye da butar shayi a kan gawayi. Wanda bai da budurwa ana kiransa ustazu cikin izgili, ko a ce har yanzu ɗan inna ne bai san duniya ba. Wanda ya zo da labarin yarinyar da ya yaudara kuwa ana ba shi hannu ana tafawa. Yaron da ya faɗi jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, ba shi da sana'a, kullum ubansa na kiransa mara amfani, a wannan benci kaɗai yake da damar zama wani. Abin da ke kama da ji da kai a fuskarsa sau da yawa rufi ne a kan tsoron a raina shi. Idan tramol ta shigo cikin lamarin, ɗan birkin da ya rage ma ya tafi.

Waɗannan samarin ƴaƴanmu ne, su ma ba mai tambayar su abin da ke damunsu, domin mun koya musu cewa namiji ba ya kuka kuma ba ya faɗin damuwarsa.

"Wannan ilimin Turawa ne, mu tsoron Allah ya ishe mu"

Wannan ce amsar farko da nake samu, kuma daga mutanen da nake girmamawa. Tsoron Allah shi ne ginshiƙi, ban yi jayayya ba, kuma haramcin zina ba abin tattaunawa ba ne. Amma mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da saurayin da ya zo gabansa ya nemi a yi masa izinin zina. Mutane suka yi masa ca, shi kuwa ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa mahaifiyarsa haka, ko ƴarsa, ko ƴar uwarsa, ko gwaggonsa. Sannan ya ɗora masa hannu ya roƙi Allah ya gafarta zunubinsa, ya tsarkake zuciyarsa, ya kare farjinsa. Ya jawo shi jiki, ya yi magana da hankalinsa, kuma a addu'ar ya gabatar da zuciya.

Shi ne kuma yake miƙewa idan ƴarsa Fatima ta shigo, ya sumbace ta ya zaunar da ita a wurin zamansa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, kuma ba ta ware iyaye ba. Saboda haka kula da zuciyar yaro ba baƙon abu ba ne a addininmu. Abin da ya zama baƙo shi ne gidan da ake karanta wa yarinya ayar azaba kullum, amma ba a taɓa nuna mata cewa ita amana ce mai tsada ba.

"A aurar da ita kowa ya huta"

Nan ne na fi samun saɓani da mutanenmu, kuma nan ne ya kamata mu fi faɗa wa juna gaskiya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin 15, kuma jihar Maraɗi ce kan gaba da kusan 9 cikin 10. Dokar ƙasa ma ta yarda a aurar da mace tana da shekara 15. Wannan na nufin mafi yawan ƴan matan jiharmu da suka san namiji da ƙuruciya, a ɗakin aure suka san shi. Duk wanda zai yi maganar wannan batu a Maraɗi ya tsallake aure, ya tsallake mafi girman ɓangarensa.

Aure halal ne kuma sutura ne. Amma ɗaurin aure ba ya ƙara wa yarinya shekaru, ba ya faɗaɗa ƙugunta, ba ya kuma warkar da ciwon damuwar da ta shiga da shi. Idan an aurar da ita ne don an gaji da ita, ko don tsoron abin kunya, ta san haka sarai, kuma saƙon da ta karɓa shi ne wanda ta saba ji, cewa ita kaya ce da ake neman inda za a sauke. Ana kai ta gidan da ba ta da ƙawa, ba a yi mata bayanin komai ba sai "yi na yi, bari na bari", ga uwar miji, wataƙila ga kishiya. Idan ta koma yawan kuka, ko ta riƙa guduwa gida, ko ta daina magana, sai a ce aljanu ne ko sammu, a fara yawon neman rubutu da hayaƙi.

Ta fuskar jiki kuwa, ba sai mun je nesa ba. A Danja, kudu da Maraɗi kaɗan, akwai cibiyar masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012, kuma doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da wannan lalura. Yarinyar da ta fito daga irin wannan haihuwa sau da yawa ta rasa jaririn, wata kuma ta rasa auren, ta dawo gida bazawara tana da shekara 16 da raunin da ya fi wanda aka aurar da ita don gudunsa.

Wanda ya ce aure ya fi cikin shege ya yi gaskiya. Sai dai ba waɗannan biyun kaɗai Allah ya ba mu ba. Akwai yarinyar da aka riƙe a gida da mutunci, tana karatu ko sana'a, tana da wanda take gaya wa damuwarta, har ta kai lokacin da za ta shiga aure da hankalinta da yardarta.

"Talauci ne kawai"

Akwai gaskiya mai yawa a nan. Uwar da ke ɗora wa ƴarta talla ba mugunta ce ta sa ta ba, da ribar ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. Ba zan zauna in yi wa matar da ba ta da abin sawa a tukunya wa'azin yabon ƴaƴa ba tare da na yarda cewa yunwa na karya mutum ba. Shi ya sa asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ya samo asali a wannan jihar tun 1991, yake da alaƙa kai tsaye da wannan batu, domin uwar da ke da ɗan jari ta fi iya cewa ƴarta ta dawo gida kafin duhu ko da kwantai.

Amma talauci bai bayyana komai ba. Ana samun irin wannan a gidajen manyan ƴan kasuwa, inda yarinya ke da waya mai tsada da direba, uban yana Kano ko Kwatano, uwar tana harkar biki, babu wanda ya san ta yi wata guda ba ta barci. Kuma daina kiran yaro da sunan da ke ƙona masa rai ba ya cin ko dala.

"Kina wanke mai laifi"

Fahimtar dalili daban, halatta aiki daban. Likitan da ya gano abin da ya jawo cuta bai goyi bayan cutar ba. Idan ma laifi ake son rabawa, a fara da baligin da ya kai shekara 40 ya tsaya yana farautar ƴar shekara 14. Wannan ba soyayya ba ce, cin zarafin yarinya ne, kuma wurinsa gaban shari'a. Abin takaici shi ne yadda ake rufe irin wannan magana a zaure da sunan rufin asiri, shi ya ci gaba da zama a sahun gaba a masallaci, ita kuma a kai ta ƙauye.

Wasu kuma na tsoron cewa yi wa yara magana kan balaga zai buɗe musu ido. Nazarin da UNESCO ta tattara ta fitar a 2018 ya nuna ilimin da aka tsara da kyau ba ya sa yara saurin farawa, a wurare da dama ma jinkirtawa yake sa su yi. Ni ba manhajar wata ƙasa nake kira a kwaso ba. Littattafan fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu sun yi bayanin balaga, haila da wanka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Idan uwa ko gwaggo ko malamar islamiyya ba ta yi bayanin ba, wayar da ƙawaye za su yi, kuma sun riga sun fara.

Abin da ya kamata mu lura da shi

Yaron da ya sauya ba gaira ba dalili yana magana ne da halinsa. Wanda ya daina cin abinci ko barci, mai ƙoƙari a aji da makinsa ya zube a zango guda, mai fara'a da ta koma zaman ɗaki, wadda ta fara zagin jikinta ko ta shigo da kayan da ba a san wanda ya saya mata ba, duk suna bukatar a zauna da su a tambaye su cikin natsuwa kafin a ɗauko bulala. Idan uwa tana jin nauyi, a cikin dangi ba a rasa gwaggo, inna ko yaya da yarinyar ke sakin jiki da ita. Uba kuma ya sani cewa kalmarsa ɗaya ta yabo tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi a wurin ƴarsa da ɗansa.

Makarantu na da nasu kason. Tun watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya ɗaliba da tallafa mata domin ta ci gaba da karatu. Ya kamata kowace makarantar sakandare a jihar nan ta ware malama guda da ƴan mata suka san za su iya zuwa wurinta ba tare da maganarsu ta zaga ofishin malamai ba, samari ma a ware musu malami. Wadda tsautsayi ya riga ya faɗa wa kuma a bar mata hanyar komawa aji, domin korarta ba ta gyara abin da ya faru, tana dai tabbatar mata da cewa ta ƙare.

Lokacin da asiri ya tonu shi ne mafi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kashe kai cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shekara 15 zuwa 29, kuma shan maganin ƙwari na cikin hanyoyin da aka fi bi a yankunan manoma irin namu, inda kusan kowane gida akwai fiya-fiya ko maganin feshi a ajiye. Idan yaro ko yarinya ta ce gara ta mutu ta huta, kada a amsa mata da "mutu mana", kada kuma a ɗauka barazana ce. A kwashe magungunan nan daga inda hannunta zai kai, kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki, a samu babban da take yarda da shi ya kwana tare da ita, kuma a kai ta likita a ranar, ko CSI ne, wato ƙaramin asibitin unguwa, su tura ta inda ya dace.